Sana'o'in Awo a Masana'antu da Kalmominsu a Hausa: Misali daga Zinariyar Birnin Gwari

Birnin Gwari tana yammacin Jihar Kaduna, kimanin kilomita 120 daga birnin Kaduna, bisa tsohuwar hanyar mota wadda ta bi ta Buruku ta nufi Tegina da Ikko. Ƙasa ce ta daji da duwatsu da ƙoramu. A cikinta dajin Kamuku ya ke, wanda En'e ta keɓe a 1936, aka mai da shi gandun daji na ƙasa a 1999, faɗinsa kuwa wajen murabba'in kilomita 1,120 ne. Duwatsun ƙasar suna da jijiyoyin farin dutse masu ɗauke da zinariya, musamman wajen Tsohon Birnin Gwari. Haƙar zinariya irin ta kamfanoni ta fara a Nijeriya a 1913, ta bunƙasa cikin shekarun 1930, Birnin Gwari kuwa tana cikin wuraren da aka haƙa. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya zo sai aikin ya durƙushe, aka bar ramuka. Talakawa ne suka gaje su, da diga da shebur da kwanon wanki. Daga baya 'yan bindiga suka mamaye dajin, hanya ta zama abin tsoro, makarantun ƙauyuka da yawa suka watse, sai a ƙarshen 2024 gwamnatin jiha ta yi sulhu da waɗansu daga cikinsu, aka sake buɗe kasuwar dabbobi ta garin bayan ta yi shekaru a rufe.

Ba a san ƙasar nan da masaƙa ko matatar mai ba, saboda haka mai karatu zai yi mamakin a kawo ta cikin zancen masana'antu. Amma duk yaron da ya haƙo dutse, aka daka, aka niƙa, aka wanke, aka kama zinariyar da zaiba, aka ƙone, sa'an nan ya ƙulle ɗan abin da ya samu ya kai wa mai saye, to, tambayoyi uku ne a gabansa, ko ya sani ko bai sani ba. Nawa ne nauyinta, wa kuma ya shaida cewa sikelin gaskiya ya ke faɗi? Yaya aka bi da aikin tun daga rami har wuta, nawa ya bi ruwan wanki, me kuma ya shiga jikin masu aikin? Tsantsa ce ko da gami? A manyan ma'aikatu kowace ɗaya daga cikin tambayoyin nan sana'a ce mai zaman kanta, da makarantarta da takardar shaidarta: sana'ar kula da ma'aunai, da ta riƙe inji bisa ƙa'idar da aka ɗora masa, da ta duba ingancin abin da aka ƙera. Manufar wannan takarda ita ce a bayyana su, a kuma duba abin da Hausa ta ke da shi na kalmomin faɗinsu, gama daga bakin malamin da aka horar a kwaleji ne yaron ƙauye zai fara jin labarinsu, da Hausa kuwa zai ji.

Ya kamata a fara da kalmar ma'auni, domin tana da wani abu da ya kan ɓoye a rubuce. Daga aikatau auna, ɗafin ma- yana haifar da sunaye uku. Akwai ma'auni mutum, watau mai awon hatsi, wanda karin sautinsa sama ne, ƙasa, sama, kamar na manomi da maƙeri. Akwai ma'auni kayan aiki, wanda gaɓoɓinsa uku duk karin sama ne, kamar mabuɗi da magirbi. Akwai kuma ma'auna, wurin da a ke awo, ita ma karin sama duka, kamar maƙera. Jam'in mutum ma'auna ne, wanda a rubuce ya yi karo da sunan wuri, jam'in kayan aiki kuwa ma'aunai. Kunnen Bahaushe ba ya ruɗewa da waɗannan, amma rubutun boko ba ya nuna karin sauti, saboda haka in an rubuta cewa ma'aunin ya yi ƙarya, mai karatu ba shi da hanyar sanin ko mutum a ke zargi ko ƙarfe. A kasuwa wannan ba kome ba ne. A ma'aikata kuwa shi ne abin da a ke fara bincike duk ran da aka sami ɓarna, domin maganin kuskuren mutum horo ne, na na'ura kuwa gyara. Abin da ya fi sauƙi a rubutun fasaha shi ne a bar ma'auni ga kayan aiki kaɗai, a kira mutumin malamin ma'aunai, bisa tsarin malamin gona da malamin daji. Malamin awo ba zai wadatar ba, gama awo ya riga ya ɗauki kaya da yawa, daga sayen hatsi har zuwa duba mai ciki a asibiti.

Awon gargajiya daga jikin mutum ya samo asali, ko daga ƙwaryar gida. Taƙi ware yatsun hannu ɗaya ne, kamu daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa, gaba kuwa tsawon hannuwa biyu in an shimfiɗa su. Kamun dogo ba ɗaya ya ke da na gajere ba. Mudu da tiya sun bambanta daga kasuwa zuwa kasuwa, a kasuwa ɗaya ma akwai awon da aka share wa baki da wanda aka cika har ya yi tsororuwa. Wannan ba aibi ba ne ga hatsi, domin mai saye yana gani da idonsa, ciniki kuma ya kan gyara abin da awo ya rage. Inda abu ya ke ƙanƙane mai tsada, nan aka tsananta: tun zamanin fatauci ta Hamada da misƙali a ke auna zinariya, nauyin da ya ɗara giram 4 kaɗan. Akwai kuma mudun Nabi, wanda a ke fid da zakkar kono da shi, huɗunsa sa'i guda. A gidajen ajiye kayan tarihi akwai irin wannan mudu na tagulla daga Maroko, an zana musu rubutu a jiki cewa an gwada wannan da mudun wane, shi kuma an gwada shi da na wane, har salsalar ta kai ga mudun Zaidu ɗan Sabitu a Madina.

To, wannan ita ce ainihin ƙa'idar da aikin ma'aunai na zamani ya ke tsaye a kanta, watau ma'auni ba ya shaidar kansa, sai an gwada shi da wanda ya fi shi. Ƙasashe sun ƙulla yarjejeniyar mita a Paris a 1875, daga 1889 kuma wani dunƙulen ƙarfe da aka ajiye kusa da birnin shi ne kilogiram na dukan duniya, har 2019 da aka sake ma'anar kilogiram aka jingina ta ga wani adadi na kimiyya wanda ba ya tsatsa ba ya raguwa. Nijeriya ta bar yadi da laba da galan ta koma mita da kilogiram da lita cikin shekarun 1970. Daga can sama salsalar ta ke saukowa zuwa ɗakunan gwaji na ƙasa, zuwa duwatsun awo na ma'aikata, zuwa ɗan sikelin batir da ke aljihun mai sayen zinariya, in har an taɓa gwada shi da wani abu. Ba sai an ƙirƙiro sabuwar kalma ba. Salsalar awo ta isa, kuma wanda ya yi karatun zaure zai gane ta nan take.

Aikin malamin ma'aunai na yau da kullum shi ne riƙe wannan salsala kada ta tsinke. Ya kan zaga ma'aikata da nasa kayan gwaji, ya cire ma'aunin zafi ko na ƙarfin iska ko na gudun ruwa, ya ɗora masa adadin da aka sani tabbas, a sifili, da rubu'i, da rabi, da rubu'i uku, da cikakke, ya rubuta abin da ya nuna a kowane mataki. In kuskuren ya wuce abin da aka yarda, ya gyara, ya sake gwadawa, ya manna takarda mai kwanan wata. Kayan gwajin nasa su ma a kan aika da su inda za a gwada su. Masu aikin hannu su kan kira duk wannan saiti, kalmar aro wadda ta zauna daram a bakin makanikai, ba kuwa dalilin korarta. Sai dai saiti murɗawa ne har abu ya daidaita, alhali kuwa rabin farko na aikin, watau gwadawa da rubuta kuskure tun ba a taɓa kome ba, shi ya fi muhimmanci, gama shi zai nuna ko kayan da aka ƙera cikin watannin da suka wuce an ƙera su bisa awon ƙarya. Gara a kira wannan awon ma'auni, a bar saiti ga gyaran da ke biye.

Kalmar daidai ita ma tana ɗauke da ma'ana biyu waɗanda dole a raba. Mudun da aka daki gindinsa ya lotsa ciki, ko sau ɗari aka auna da shi abu ɗaya zai bayar, ba ƙari ba ragi, amma kowane awo tauye ne. Wannan ma'auni yana da tsayuwa, ba shi da gaskiya. Wani kuma in an haɗa awonsa goma aka raba a sami gaskiya, amma kowane ɗaya ya kauce nan ko can. Na farko ya fi haɗari, domin tsayuwarsa ita ce ke sa a amince da shi. Bayan waɗannan akwai ƙanƙantar abin da ma'auni ya ke iya rarrabewa, zinariya kuwa ta ba da misali mai kyau. Nauyinta ya ninka na ruwa sau 19.3, na jan ƙarfe kuwa sau 8.9 kurum. In an rataya giram 10 na tsantsar zinariya cikin ruwa, nauyinta zai ragu da giram 0.52. In karat 18 ce, watau kashi uku zinariya kashi ɗaya jan ƙarfe, zai ragu da wajen giram 0.67. Tsakanin tsantsa da wadda rubu'inta gami ne, giram 0.15 ke nan. Sikelin da ba ya nuna abin da ya gaza kashi ɗaya cikin goma na giram ba zai iya yanke wannan hukunci ba, kome gaskiyar mai riƙe da shi.

Saura abu guda game da ma'auni, shi ne iyakarsa, wannan kuwa ƙasashen da ke maƙwabtaka da Birnin Gwari sun koye shi da tsada. A 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka tarar yara suna mutuwa da yawa a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, irin su Dareta da 'Yargalma. Dutsen zinariyar da a ke kawowa cikin gidaje a daka, a niƙa da injin niƙan hatsi, a shanya a tsakar gida, yana ɗauke da dalma mai yawa, ƙurarsa ce yara su ke shaƙa su ke kuma kaiwa baki. Aƙalla yara 400 suka rasu. A 2015 irin wannan ya auku a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja, wadda hanyar Birnin Gwari zuwa Tegina ta ke shiga, yara 28 suka rasu. Dalma ba ta da wari, ido kuma ba ya rarrabe ƙurarta da sauran ƙura. Na'ura ce ta nuna ta. A Amurka a lokacin, ƙasar wurin wasan yara ba a yarda dalma ta wuce kashi 400 cikin miliyan ba, a waɗansu gidajen Zamfara kuwa an sami abin da ya haura 100,000.

Abin lura ga wannan takarda shi ne abin da ya sami na'urar gwajin jini. A kan auna dalmar jini da maikirogiram, watau kashi ɗaya cikin miliyan na giram, a cikin kowane kashi ɗaya cikin goma na lita. Daga 45 likitoci su kan fara ba yaro maganin da ke fid da ita. Ƙaramar na'urar da aka kai ƙauyukan, mai suna LeadCare, iyakarta 65 ce, jinin yara da yawa kuwa ya zarce haka, sai ta nuna alamar ya wuce kurum. Yaron da ke da 70 da wanda ke da 300 duk amsa ɗaya su ke samu, alhali kuwa likita yana bukatar sanin wanda zai fara ɗauka, da ko magani yana ci. Sai da ma'aikatan gwaji suka fito da hanyar sirka jinin da wani jinin da aka san ba shi da dalma sosai, bisa gwargwado sananne, a auna, sa'an nan a ninka. Wannan aikin malamin ma'aunai ne tsantsa, an kuwa yi shi ba a cikin masana'anta ba. Wanda bai san ma'auni yana da iyaka ba zai rubuta 65 ya wuce, yana tsammani ya auna.

Sana'a ta biyu ta fi saukin ganewa in an tuna da maƙera. Maƙeri yana duban launin ƙarfe a wuta, in bai yi ja yadda ya ke so ba ya ce wa yaro ya ƙara zuga, in ya ga zai ƙone ya ce ya sassauta. Ido yana aunawa, kai yana gwada abin da aka gani da abin da a ke so, zugazugi yana aikatawa, sa'an nan ido ya sake dubawa. Duk na'urar da ke riƙe inji wannan kewaye ta ke yi, illa dai an ɗauke mutum daga tsakiya. James Watt ya sa wa injin tururi irin wannan a 1788: ƙwallaye biyu masu juyawa, in gudu ya yi yawa su buɗe su rage tururi, in ya ragu su rufe su ƙara. Yau ma'auni ne ke aika labari ta waya zuwa ga wata ƙaramar kwamfuta, ita kuma ta umarci bawul ko famfo.

A ma'aikatun zinariya na zamani, irin wadda aka buɗe a Segilola ta Jihar Osun a 2021, ba a kama zinariya da zaiba. A kan niƙa dutse ya zama kunu, a narkar da zinariyar da sinadarin sayanaid cikin manyan tankuna. Sayanaid guba ce, kuma in kunun ya karkata wajen tsami sai ta tashi ta zama iska mai kisa. Akwai awon tsami mai matakai daga 0 zuwa 14, 7 ne tsakiya, abin da ya gaza haka wajen tsamiya ya nufa, abin da ya ɗara wajen kanwa; duk mai dafa abinci ta san kanwa tana kashe tsami. Dole a riƙe kunun sama da 10, dare da rana, ta hanyar zuba masa toyayyar farar ƙasa. Ma'auni yana cikin tanki, in awo ya fara sauka famfo ya ƙara, in ya hau ya rage. Gwanintar mai wannan sana'a ita ce tsara yawan ƙarin da saurinsa. In na'ura ta cika garaje sai ta zuba fiye da kima, ta dawo ta rage fiye da kima, awo ya dinga hawa da sauka kamar dokin da mahayi ke fizga. In ta cika nawa kuwa, kafin ta farga iska ta tashi.

Akwai wata dabara a cikin wayar da ke kai labarin wadda ta cancanci a tsaya a kanta. A yawancin masana'antu ma'auni yana aika awonsa da ƙarfin lantarki tsakanin miliamfa 4 da 20. In ma'aunin zafi ne mai aunawa daga digiri 0 zuwa 200, to, 4 na nufin 0, 12 na nufin 100, 20 na nufin 200. An ƙi farawa daga sifili da gangan, domin in waya ta tsinke lantarki zai faɗi ƙasa da 4, na'ura ta gane babu labari ne, kada ta ɗauka wuta ce ta mutu ta shiga ƙara mai. Watau an raba sifili da babu. Malamin lissafi da ya saba ce wa yara sifili shi ne babu yana dasa musu abin da sai an tumɓuke shi daga baya.

Sunan wannan sana'a shi ne mai wuya. An saba cewa sarrafa, amma sarrafa ta riga ta zama sunan mai da ɗanyen abu kaya, kamar sarrafa auduga ko rake, saboda haka injiniyan sarrafawa ba a san ko wane ne ba a cikin ma'aikatar da kowa sarrafawa ya ke yi. Iko kuwa na sarauta ne. Masu fassarar labarai na rediyo sun riga sun share wata hanya da suka ce makami mai linzami, kowa kuma ya karɓa. Linzami ya dace ƙwarai, gama ba shi ke ba doki ƙarfi ba, riƙe shi ya ke yi bisa hanya, da ja da saki, gwargwadon abin da hannu ya ji. Linzamin inji da injiniyan linzami za su yi baƙunci a kunne na ɗan lokaci, amma ba za su ruɗa kowa ba.

Duba inganci kuwa ba baƙon abu ba ne ga ƙasar da ta san kasuwar auduga, inda malami ya kan buɗe buhu ya ce wannan lamba ɗaya ce, wannan lamba biyu, kafin a kai injin gurza na Funtuwa. Hausa tana da wadatar kalmomi a nan: gangariya, tsantsa, gami, algus, da jabu, wadda masana su kan danganta da sunan Ijebu. Abin da ya sake a masana'anta shi ne inganci ba kyau ba ne, cika ƙa'idar da aka rubuta ne. In an ce buhun siminti kilogiram 50 ne, babu injin da zai ba da 50 cif kowane lokaci, sai a rubuta iyakar ƙari da ragi da aka yarda. Ƙidayar Hausa tana da abin faɗin wannan tuntuni, tun da a kan ce ɗari da biyu, a kan kuma ce ɗari gaira biyu. Alamar nan ta ƙari bisa ragi sai a karanta ta da ko gaira. A 1924 Walter Shewhart na kamfanin Western Electric a Amurka ya nuna cewa in ana ɗiban samfur a kai a kai ana zana awonsa bisa takarda, za a rarrabe 'yar kaucewar da ba makawa da wadda ke nuna wani abu ya lalace, a tsai da inji tun kaya ba su ɓaci ba. Wannan koyarwa ce W. Edwards Deming ya kai Japan a 1950. A Nijeriya hukumar SON, wadda aka kafa a 1971, ita ke tsara ƙa'idodin kayayyaki. Mai wannan aiki lissafi ya ke bukata, da kuma taurin rai, domin shi ne zai ce kada mota ta fita da kaya a ranar da manaja ya ke gaggawa.

Hanyar shiga sana'o'in nan ɗaya ce daga tushe: lissafi da kimiyyar lantarki da ta sinadarai a sakandare ko makarantar koyon sana'a, sa'an nan difloma ta shekara biyu a kwalejin fasaha, da shekara guda ta aiki, da babbar difloma ta shekara biyu, ko kuwa digirin injiniya a jami'a. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna ta faro a 1956, Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, hukumar NBTE mai kula da karatun fasaha, wadda aka kafa a 1977, a Kaduna hedkwatarta ta ke, COREN kuma tun 1970 ita ke rajistar injiniyoyi da masu taimaka musu. Ta wajen makarantu, ɗan Birnin Gwari bai yi nisa da su ba, in hanya ta yi lafiya.

Ta wajen aiki ne ya kamata mai ba yara shawara ya faɗi gaskiya. Kaduna ta taɓa zama garin masana'antu: masaƙar KTL ta buɗe a 1957, waɗansu suka biyo ta a Kakuri, Peugeot ta fara haɗa motoci a 1975, matatar mai ta fara aiki a 1980. KTL ta rufe a 2002, yawancin 'yan'uwanta suka bi ta, matatar kuma ta yi shekaru masu yawa a tsaye. Wanda ya koyi aikin yau mai yiwuwa ne ya yi ƙaura, zuwa kamfanonin siminti na Sakkwato da Obajana, ko madatsun lantarki na Shiroro da Zungeru, ko matatar Dangote da ke Ikko, wadda ta fara tace mai a 2024. Amma sana'ar ba ta ɗaure da irin kaya guda ba. Wanda ya iya awon ma'aunin ƙarfin ruwa a masaƙa zai iya a gidan ruwa, ko injin casar shinkafa, ko ɗakin gwaji na asibiti. Kusa da gida kuma, ramukan zinariya suna nan ba mai auna musu dalma a dutse ko zaiba a iska, ko da ya ke zaiba tana tafasa a digiri 357, duk wanda ya sunkuya bisa wutar ƙonata kuwa tururinta ya ke shaƙa.

Abin da ke hannun malamin firamare a cikin duk wannan ƙarami ne, amma shi ne na farko, watau yadda a ke karanta lamba mai ɗigo. Yara da yawa su kan karanta 12.25 su ce sha biyu ɗigo ashirin da biyar, su karanta 12.3 su ce sha biyu ɗigo uku, daga nan kunne ya gaya musu ta farko ta fi girma, tun da ashirin da biyar ta fi uku. Daidai shi ne a bi lambobin bayan ɗigo ɗaya ɗaya, sha biyu ɗigo biyu biyar, kuma kada a haɗiye sifili, domin tsakanin giram 0.5 da 0.05 ninki goma ne. Akwai kuma wani tarko ga masu ciniki da 'yan'uwa na Jamhuriyar Nijar. Can bisa al'adar Faransa waƙafi a ke sawa inda Nijeriya ke sa ɗigo, saboda haka in an rubuta giram 1,250 a Maraɗi giram ɗaya da rubu'i a ke nufi, a Kaduna kuwa a karanta shi dubu da metan da hamsin.